Faifan Safara'u

Ranar da labarin ya iske Mu'minatu, tana zaune a tsakar gida da goran nono a cinyarta, tana kaɗawa. An kwana ana ruwa, ƙasa duk ta jiƙe, kaji sun takure a bakin madafa. Mijinta, Malam Ɗanmusa, ya fita tun bayan sallar asuba a kan babur, ya tafi wata ruga bayan Kiyawa, wurin sunan jikan Adda Hassana, tsohuwar da ke kawo masa nono. Ya ce mata ba zai wuce hantsi ba.

Sai ta ji sallamar Zailani a soro. Zailani shi ne mai taya Malam aiki a shago, magidanci ne da 'ya'yansa, kuma kullum in ya zo tun daga waje yake ɗaga murya, "Innar Marwa, ga ragowa!" Ran nan sallama kawai ya yi.

Ta ce, "Shigo mana, Zailani. Yau kuma baƙunta kake ji?"

Bai shigo ba. Matarsa Kubura ce ta shigo, ta durƙusa a gabanta, ta zare goran daga cinyarta ta jingine shi a hankali. Tun kafin Kubura ta buɗe baki Mu'minatu ta sani. Wata motar kaya ce ta kwashe Malam a hanyar Kiyawa yana dawowa, rai ya yi halinsa. An ce a bayan babur ɗin an sami ƙunshin naman sunan a ɗaure, ledar ko yagewa ba ta yi ba.

Nonon da take kaɗawa ran nan ba wanda ya ƙarasa shi.

Shagon Ɗanmusa ba da shago ya fara ba. Lokacin da aka ba Jigawa jiha aka ce Dutse ce hedikwata, ma'aikata suka yi ta zuwa daga Kano, yawancinsu sun baro iyali a can, in rana ta take ba su da inda za su sa wani abu a ciki. Ɗanmusa ya kafa rumfar zana kusa da ofisoshin gwamnati, ya ajiye benci da ƙwarya, ya fara dama fura. Mahaifiyarsa tallar nono ta yi har ƙarfinta ya ƙare, daga wajen Miga take ɗaukowa a ka, don haka ya san inda ke yi wa mai nono ciwo. Da damina shanu sun ƙoshi, nono ya yi yawa, kowa ya raina shi, mace ta yini a kasuwa ta koma gida da rabin ƙwarya ya yi tsami. Da rani kuwa maza sun kora shanu kudu, nono ya yi wuya, kowa yana bin ta da daɗin baki.

Sai ya yi wa matan ruga alkawari. Da damina duk abin da suka kawo zai karɓa, ba zai mayar da ko ludayi ɗaya ba. Da rani su kuma su fara da shi. Ba takarda, ba shaida. Abin da yake yi kawai, duk matar da ta yarda sai ya karɓi faifai ɗaya cikin waɗanda take rufe ƙwarya da su, ya kafa ƙusa a bango ya rataye. Kowace da irin saƙarta, wata mai ja da baƙi, wata mai kore a tsakiya. Yakan ce, "Muddin faifanki yana nan, wurinki yana nan."

Abin da ya rage da yamma gida ake kawo wa Mu'minatu. Ta kaɗa, ta fitar da mai, ta soya ta ɗura a kwalabe, tsalar kuma a raba wa maƙwabta. Nono bai taɓa zuba a ƙasa ba a hannun Ɗanmusa.

Da can Zailani lebura ne a wurin ginin ofisoshi. Ya zo shan fura wata rana, ya tsaya taya wankin ƙore, bai sake komawa ɗaukar bulo ba. A hankali rumfa ta zama shagon bulo, aka sayi firiza da janareto, aka rubuta sunan Ɗanmusa a allo a saman ƙofa. Abu ɗaya bai canza ba: duk wanda aka dama wa, sai Malam ya ɗora masa ludayin kindirmo a sama, ya ce, "Gyara."

Rasuwar ta zo ne a daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa. Ɗanmusa ya bar 'ya'ya mata biyu, Marwa da Hadiyya, bai bar namiji ba. Ƙaninsa Abdulkahar, wanda suke uba ɗaya amma a Kano ya girma wurin kawunsa, ya zo gaisuwa, da aka yi addu'ar bakwai sai ya karɓi mukullin shago. Ba wanda ya ga laifinsa. Mu'minatu ta shiga takaba, ba ta fita, kuma dole wani ya buɗe ƙofa.

Kubura ce ke kawo mata labari. Yau an yi fenti. Gobe an sa gilashi. Jibi an sauke buhun madarar gari daga Kano, wai ita ba ta tsami, ba ta kuma jiran kowa. Sai aka ce an hana gyara. Mu'minatu tana ji, tana jan carbinta. Abin da ta lura da shi, ragowa ta daina zuwa gida. Goran kaɗa nono yana jingine a inda Kubura ta ajiye shi.

Wata rana da la'asar Kubura ta shigo ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Innar Marwa, yau kam an yi abin da ba a taɓa yi ba."

"Zauna tukuna."

"Ba zan iya zama ba. Kin san Safara'u, 'yar ƙanin Adda, mai faifan nan mai kore a tsakiya? Ta shigo da nono cikin ruwan nan, zanenta yana ɗiga. Aka juye a bokiti. Shi kuma Abdulkahar ya ɗanɗana, ya ce ya yi tsami, ba ya so, ta kwashe abinta. Ta ce Malam ba ya mayar da nono. Ya ce Malam yana kabari. Ta ce to ita ba za ta juye abin da aka riga aka karɓa ba. Wallahi, Innar Marwa, sai ya ɗauki bokitin ya tuttule a kwata. A gabanta. Sannan ya sa ƙafa ya turo mata ƙwaryarta."

Mu'minatu ta ajiye carbin.

"Da ƙafa?"

"Da takalmi ma."

"Zailani yana ina?"

"Yana tsaye. Ya ce masa wannan ba daidai ba ne. Abdulkahar ya ce in bai iya yin shiru ba ya ajiye ludayi. Ya ajiye. Faya-fayan ma ya sa an sauke su an cusa a buhu, wai suna ɓata fenti."

Mu'minatu 'yar Fulanin gida ce, a soro aka haife ta ba a ruga ba, amma kakarta ta taɓa marinta tana ƙarama don ta tsallake ƙwaryar nono. Ta san abin da aka yi wa Safara'u ya fi zagi. Ta aika Marwa ta kira mata Abdulkahar.

Ya zo bayan magariba, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu.

"Matar Yaya, an ce kina nema na. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Abdulkahar, nono ka zubar a kwata?"

Ya yi 'yar dariya. "Har an kawo miki? Lallai Kubura ta fi rediyo. Nono ne ya lalace, me zan yi da shi, in yi wanka?"

"Ka aiko mini da shi. Shekara nawa ina kaɗa wanda ya fi shi tsami?"

"Wannan wahalar ce nake so in raba ki da ita. Yaya, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ba kasuwanci yake yi ba, zumunci yake yi. Mace ta kawo abin da ba ka buƙata ka karɓa, don kawai ka rataye murfin ƙwaryarta a bango? A Kano in ka yi haka wata ɗaya ba za ka kai ba."

"Nan ba Kano ba ce. Kuma firizar da kake taƙama da ita, zumuncin ne ya saye ta."

"To ni dai na faɗa miki. Ki yi takabarki, ki bar wa maza harkar maza."

"Zan yi takabata. Amma tana ƙarewa."

Ya tafi. Ta koma ta zauna a kan tabarma, ta rasa ko kukan mijinta take yi ko na nonon.

Takaba ta ƙare ana cikin girbi. Aka sa ranar rabon gado a soron gidan, Modibbo, malamin unguwa kuma aminin mahaifin su Ɗanmusa, shi ya zauna a tsakiya. Mu'minatu tana daga ciki, bakin ƙofa, ita da 'ya'yanta. Modibbo ya karanta abin da Allah ya yanka wa kowa. Aka daidaita gida ya zama na yaran da uwarsu, shago da firiza da janareto su zama rabon Abdulkahar. Aka juya ana tambayarta ko ta yarda.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, na yarda. Amma ina da roƙo. Akwai buhu a bayan shago, a sa mini shi a cikin rabona. Da ludayin Malam."

Modibbo ya ce, "Buhun me?"

"Faya-fayai."

Wani daga cikin dangi ya yi dariya. Abdulkahar ya ce, "A ba ta mana, da ma ƙonawa zan yi. Amma me za ki yi da su?"

"Ratayewa zan yi."

"A ina?"

"A nan inda kake zaune."

Nan ya gane. Fuskarsa ta canza, ya juya wajen Modibbo. "Allah gafarta Malam, a ja mata kunne. Yanzu lokacin shari'a ne. Matar yayana ba za ta zauna a soro tana dama wa ƙattin sakatariya fura ba. Mutuncin gidanmu ne."

Kafin Modibbo ya amsa Mu'minatu ta ce, "Shari'ar da ka sani, ba ta ce komai ba a kan zubar da abinci a kwata?"

Marwa ta riƙe gefen hijabin uwarta. Modibbo ya shafa gemunsa, ya daɗe, sannan ya ce shi dai bai san inda aka hana mace neman halalinta ba, in ta kiyaye suturarta da mutuncinta. Ya ce a shafa Fatiha.

Washegari ta ɗauki buhun, ita da Kubura suka shiga motar Kiyawa, suka sauka a bakin hanya suka bi ta cikin gonaki da ƙafa. An kwashe gero, sai karan dawa a tsaye. A wani wuri a bakin hanyar, kafin su shiga gonakin, Kubura ta yi ƙoƙarin ɗauke mata hankali da hira, Mu'minatu ta gane nan ne motar ta sami Malam. Ba ta tsaya ba.

Rugar ta yi fayau. Maza sun tafi kudu da garke, sai 'yan shanun tatsa da maruƙa. Adda Hassana tana zaune a gindin bukka tana wanke ƙore. Ta zo gaisuwa lokacin rasuwa, ta yi kuka har muryarta ta dushe, amma yau da ta ga su sai ta amsa sallama a taƙaice, ta turo musu tabarma.

Aka gaisa, aka yi addu'a ga mamaci. Mu'minatu ta kwance bakin buhun, ta fito da faya-fayan ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan tabarma. Matan ruga suka fara matsowa, kowace idonta a kan nata.

Adda ta ce, "Kin dawo mana da su ke nan. Mun gode."

"Ban dawo da su ba, Adda. Na zo in tambaya ko zan rataye su a sorona."

Adda ta ci gaba da goge ƙwarya. "Mu ba mu yi fushi da mamaci ba. A hanyar gidana ya mutu, da naman sunan jikana a bayansa, har in mutu ba zan manta ba. Amma shi ya tafi. Daminar nan mun ga abin da ba mu taɓa gani ba. Mun yi ta yawo da nono a cikin Dutse kamar masu bara. Yanzu ga rani ya zo, akwai wani a kasuwar Kiyawa, har nan yake aiko babur, ɗan abin da muka tatsa ya kwashe, ba ya ko tayawa. Ke ba ki da shago, ba ki da injin sanyi. Me za ki ba mu da shi bai ba mu ba?"

Mu'minatu ta ce, "Damina."

Adda ta ɗago kai.

"In ruwa ya sauka za ki ga ko babur ɗinsa ya san hanyar nan. Ni abin da kuka kawo zan karɓa. Ko ya yi tsami, ko ya kai tulu goma. Da hannuna nake kaɗa ragowar Malam tun yana rumfar zana, kin sani."

"Na sani. Amma baki ne."

"Shi ma da baki ya fara."

Wata daga baya ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Adda ta miƙe ta shiga bukka, ta fito da 'yar ƙaramar ƙwarya, kindirmo ne a ciki bai kai rabi ba. Ta ajiye a gaban Mu'minatu. "Ga na gobe. Nawa faifan ki tafi da shi. Sauran kowace ta faɗi da bakinta, ni ba na yi wa kowa alkawari."

Wasu suka ce a tafi da nasu. Wasu suka sunkuya suka ɗauki nasu suka koma bukka. Saura ɗaya a kan tabarma, mai kore a tsakiya.

Safara'u tana tsaye nesa, da goyo a bayanta. Mu'minatu ta tashi ta je har gabanta.

"Ƙanwata, abin da aka yi miki a ƙofar mijina aka yi shi. Na zo in ba ki haƙuri."

Safara'u ba ta dube ta ba. "Ba ke kika yi ba, Inna."

"To in rataye?"

"Ƙwaryar nan ta aurena ce. Uwata ce ta ba ni. Na wanke ta na sake wankewa, har yau in na ɗauke ta takalmin nake gani. Ni da kai nono Dutse har abada."

"To ga faifanki."

"Ba na so. Ki ƙone shi."

Mu'minatu ta koma ta ɗauke shi ta sa a buhu tare da sauran.

Saura Zailani. Tun da aka sallame shi ya karɓi babur yana acaɓa, kuma Kubura da bakinta ta ce abin da yake samu yanzu ya fi na shago. Mu'minatu ta sa aka kira shi soro.

Ta ce, "Ba zan yaudare ka ba. Abin da babur yake ba ka ba ni da shi. In ka ce a'a, wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Zailani ya dubi bangon soron, inda ta riga ta kafa ƙusoshi da dutsen niƙa, duk sun karkace.

Ya ce, "Innar Marwa, wa ya kafa waɗannan?"

"Ni."

"Ai na gani. Malam da ya ga wannan aikin da ya kore ki." Ya tashi ya fara zare su yana miƙarwa. Yana ba ta baya ya ce, "Ranar ɗaurin aurena ba ni da kowa a garin nan. Malam ne ya zauna a matsayin ubana ya karɓar mini Kubura. Babur kuma ba sai na ajiye ba. Da sassafe in je ruga in ɗauko, in hutar da su Adda tafiya, da rana in dama."

Kwanakin farko ba kowa. Gidan yana cikin unguwa, nesa da ofisoshi, ba allo, ba gilashi. Zailani ya zauna da ludayi yana korar ƙuda, da yamma ya miƙa mata ƙwaryar yadda take. Ta kaɗa. Maƙwabta suka sha tsala har suka gaji.

Wanda ya fara zuwa Baba Ɗan'inna ne, tsohon masinja, wanda tun ranar da aka kafa rumfar zana yake shan furar Ɗanmusa. Ya hangi Zailani a kan babur da ƙore a ɗaure a baya, ya biyo shi a kan kekensa yana haki.

"Kai Zailani, maci amana! Ka bar ni ina shan alli a wancan shagon, ashe nan kuka ɓuya?"

"Baba, ai na zaci ka koma shan na gilashi, kai da manya."

"Gilashin gidanku. Dama mini, ban da sukari, ka san halin jikina."

Mu'minatu tana jin su daga bayan ƙofa. Zailani ya dama ya miƙa. Sai ta fito da hijabinta, ta karɓi ludayin Malam daga hannunsa, ta ɗebo kindirmo ta ɗora a sama. Gyara ne irin na Malam. Baba Ɗan'inna ya dubi ƙwaryar, ya dubi faya-fayan a bango, ya sunkuyar da kai ya sha bai sake wasa ba. Kashegari ya dawo da mutum biyu daga ofishinsu.

Haka aka ci ranin. Nono kaɗan, amma na gaske, kuma duk Dutse an san a lokacin ba kowa ke da shi ba. Benci ɗaya ya zama biyu, aka kafa rumfa a ƙofar gida.

Sai ruwa ya sauka, shanu suka dawo. Mai babur ɗin Kiyawa ya daina zuwa ruga, kamar yadda ta faɗa. Nono ya taso mata kamar ambaliya. Waɗanda suka bar faifansu suka kawo, waɗanda suka ɗauke nasu ma suka dawo da shi a ƙarƙashin mayafi suna sunkuyar da kai, ta karɓa ta sa Zailani ya ƙara ƙusa. Ba firiza. Abin da ba a sha ba kafin la'asar dole a kaɗa shi a ranar. Ta kaɗa, Marwa ta kaɗa, Kubura ta kaɗa. Kafaɗunta suka kumbura har ba ta iya ɗaura ɗankwali sai Hadiyya ta taya ta. Kwalaben man shanu suka cika ƙarƙashin gado, masu saye ba su kai yawansu ba. Ta sayar da tunkiyarta, ta sayar da 'yan kunnenta na aure, don kada wata ta juya da ƙwarya cike.

Kubura ta ce, "Innar Marwa, ki ce su rage mana. Ko na mako ɗaya. Za su gane."

"Za su gane. Shi ya sa ba zan faɗa ba."

A tsakiyar wannan Abdulkahar ya zo. Shagonsa bai mutu ba, yana sayar da lemon kwalba da madarar leda ga matafiya, yana samu. Amma masu zama su sha fura sun ƙaura. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon ƙore a jere, da matar yayansa zaune da gora a cinya, ta rame.

"Matar Yaya, dubi yadda kika koma. Wannan ai kashe kai ne. Ga firiza can rabinta ba komai. Ki dawo da su Zailani shago mu haɗa, a huta."

"Faya-fayan za su koma bango?"

"A bar maganar murfin ƙwarya. In mun haɗa, ni zan faɗi abin da za a karɓa da wanda za a mayar."

"To a gai da gida."

Ransa ya ɓaci. "Sannan ki gaya wa mutanenki su daina kiran nan wurin Ɗanmusa. Sunan a allona yake, cikin rabona ya faɗo."

Ba ta daina kaɗawa ba. "Ka riƙe allonka, ban taɓa shi ba. Ka duba ƙofata ka ga ko na rubuta wani abu. In kana so su daina, ka bi su ofis-ofis ka hana su."

Ya juya zai fita, ya yi tuntuɓe da gefen wata ƙwarya, nonon ya yi tangal-tangal. Ya tsaya cak. Sai ya sunkuya ya gyara mata zama da hannu biyu, ya fita bai waiwayo ba.

Damina ta wuce ba ta mayar da ko ludayi ɗaya ba. Da aka shiga rani man shanu ya yi wuya a gari, matan ma'aikata suka yi ta aiko yara, kwalaben ƙarƙashin gado suka ƙare tas. Mai babur ɗin Kiyawa ya koma ruga da daɗin bakinsa. Adda Hassana ta ce masa ya jira, in an cika na Dutse abin da ya rage nasa ne.

Safara'u ba ta dawo ba. Daga baya aka ce mijinta ya tashi da su sun koma wajen Miga, daga can kuma ba wanda ya sake jin inda suka nufa. Zailani ya taɓa cewa a sauke faifanta a ba wata ƙusar, tun da bangon ya cika. Mu'minatu ta ce ya nemi wani bangon.

Har yau, kowace safiya kafin babur ya iso da nono, takan fito soro da tsumma a hannu. Ta ɗauko faifan nan mai kore a tsakiya, koren ma ya koɗe, ta kakkaɓe shi ciki da baya, ta mayar da shi kan ƙusarsa.